Rigar Sanyin Inna

Matar ofishin rajista ta ɗaga takardar ta haska a fitila, ta shafa ta da babban yatsa, sannan ta turo wa Auta abarta ta ƙarƙashin gilashi. Wai kwafi ce. Su ta asali suke so, mai hatimin da ake ji a hannu. In takardun asali ba su zo ba kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a, za a ba wani gurbinta, don akwai masu jira. Ta faɗi haka tana murmushi, irin murmushin nan da gara mari da shi, ta kira na gaba.

Auta ta koma gefe ta zazzage fayil ɗinta a kan benci. Sakamakon jarrabawa kwafi, takardar haihuwa kwafi, kai, komai da komai kwafi ne. Ita da hannunta ta jera na asalin a fayil ɗin nan ana jibi za ta taso. Ta kwana a zaune a jirgi, ta yi awa biyu a layi, ga sanyi yana ratsa 'yar rigar jikinta kamar da gayya. Ranarta ta farko ke nan a ƙasar mutane, ko ƙofar aji ba ta gani ba.

Ba ta ɓata lokacin tunani ba, ta san aikin Gwaggo ne, ƙanwar babanta. Tun da labari ya bazu cewa Auta ta samu karatu a waje, gida ya cika da masu saƙo. Ashe kowa yana da ɗa a ƙasar nan! Wanda bai taɓa ce mata sannu ba ya zo da ƙunshi, wai ɗan abu ne, ba nauyi. Gwaggo ce shugabarsu. Ta kawo wa ɗanta takalma ƙafa uku da labule da tukunyar ƙarfe, sai ka ce can a tafin hannu ake girki. Ita ta haɗa akwatin, ta fitar da littattafan Auta biyu don tukunya ta samu wuri, ta hau kai ta zauna aka ja zif. A filin jirgi ma'auni ya nuna kaya sun yi yawa, Gwaggo tana tsaye tana gadin saƙonta, dole Auta ta zaro rigar sanyin da Inna ta ba ta, ta miƙa wa Yaya ta ce ya jefa a but ɗin mota, kuma kar ya gaya wa Inna. To wadda ta taɓa littattafai, me zai hana ta taɓa fayil?

Ta hau bene hawa uku zuwa ɗakin da aka ba ta, ta kifar da akwatin a ƙasa. Ta girgiza labule, ta leƙa cikin takalma, har murfin tukunya ta ɗaga. Babu. Tana cikin haka waya ta yi ƙara, ɗan Gwaggo ne. Ko ya hanya bai ce ba, sai tambayar yaushe zai zo ya karɓi kayansa. Ai kuwa ya taɓo tsuliyar dodo. Ta wanke shi tas, ta ce ita ɗaliba ce ba motar haya ba, in ya ga dama ya zo ya tsinci tukunyarsa a bakin titi. Ta kashe wayar tana huci, ta kira gida.

Inna ce ta ɗauka, murya cike da murna. Auta ba ta bari ta gama gaisuwa ba. Ta zazzage mata komai: layi, sanyi, matar ofis, Juma'a. Ta ce shekara biyu tana neman gurbin nan, ga shi za a ƙwace saboda son kan mutane. Ta ce a gidan nan ba wanda ya ɗauki karatunta a bakin komai, kowa ta kansa yake yi. Ta rantse in gurbin ya tafi, ita da Gwaggo har abada.

Sai ta ji Inna tana dariya.

"Haba Auta, kwantar da hankalinki. Ba ruwan Gwaggonki, ni na cire su. Tun da aka fizge mini jaka a tasha ban ƙara yarda da jaka ba. Na sa su a leda na ɗinke a cikin bayan rigar sanyinki. Ba na ce miki ko barci za ki yi kar ki rabu da ita ba? Samu reza ki farke ɗinkin a hankali."

Auta ta zauna a kan katifar da ko zanin gado babu. Inna ta faɗa, tabbas ta faɗa, har sau biyu, ita ce ta ɗauka surutun tsofaffi ne. Kwana uku Inna ta yi tana zaga kasuwa da ciwon gwiwarta kafin ta samo rigar, doguwa, ruwan ƙasa, da manyan maɓallai da ba su dace da juna ba. Kuma maganar gaskiya, ba ma'auni ne ya raba Auta da ita ba. Ba mai auna rigar da ke jikin mutum, da ta so da ta saka ta wuce abinta. Kunyar rigar take ji, ba ta so a gan ta da ita a ƙasar waje. Haushin da ta yini tana rabawa ya dawo kanta gaba ɗaya, ba kuma wanda za ta miƙa wa.

"Inna," ta ce, "rigar tana but ɗin motar Yaya."

Da Inna ta sake magana, dariyar ta tafi. Ta ce surukin maƙwabciyarsu zai taso zuwa ƙasar jibi, za ta je da kanta ta roƙe shi ya taho da rigar, ai ɗan abu ne, ba nauyi. Auta ta dubi tukunyar Gwaggo a tsakar ɗaki. Ta jira faɗa, ta ma so a yi mata, ko ta ji sauƙi.

"To yanzu," in ji Inna, "me kike sawa a sanyin nan?"