Naɗi Talatin, Hannu Biyu

Ranar da Tomeko za ta bar tsibirin, Fusae ta roƙi hutun rabin yini, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara tara da ta yi tana tsaron ƙofa. Aikin ba mai wuya ba ne. Tana zama a bakin tsohon gidan Masuda masunci, wanda masu fasaha suka kwashe komai na cikinsa suka ajiye dutse guda a tsakar ɗaki, ruwa na ɗiga a kansa daga rufi. Ta miƙa wa baƙo silifa, ta ce a yi shiru, ta ce ba a ɗaukar hoto. Mutum ya taso daga ƙarshen duniya ya tsaya minti goma yana kallon dutse, wani har da hawaye. Ita kuwa duk lokacin da ta leƙa, abin da take tunawa shi ne a daidai wurin nan matar Masuda ke ajiye tukunyar shinkafa.

A da gida arba'in ne a unguwar. Yanzu shida sun zama wurin kallo, saura an rufe su da katako, sai biyu kacal da ake dafa abinci a ciki: na Fusae da na Tomeko. Can bisa tudu an binne katafaren gidan zane-zane na kankare a cikin ƙasa, wai don kada ya tare wa teku fuska, kuma kullum jirgin ruwa na sauke ɗaruruwan mutane. Tsibirin bai taɓa cika haka ba, Fusae kuma ba ta taɓa rasa wanda za ta yi hira da shi irin yanzu ba.

Sai ga shi Tomeko ta zame a banɗaki ta karya ƙugu. 'Yarta Michiyo ta zo daga Osaka, ta ce magana ta ƙare, ta samo mata ɗaki a gidan tsofaffi.

A tsibirin, wanda zai tafi tafiyar da ba dawowa ba ya fita haka siddan kamar kaya. Ana ɗaura zirin takarda masu launi a ƙarfen jirgi inda matafiyin yake tsaye, kowane mai rakiya ya riƙe naɗi ɗaya a ƙasa, an zura wa naɗin tsinken cin abinci a tsakiya. Jirgi na ja, takarda na warwarewa, har ta tsinke. Yawan zirin shi ke nuna yawan mutanenka. Shekara sittin Tomeko na riƙe wa mutane, amare da 'yan makaranta da malamai, har da waɗanda ba sa ga maciji da ita. Fusae ta ci alwashin ba za ta bar ta ta tafi da ƙarfe tsirara ba.

Kwana uku tana yawon neman hannu. Tsoho Genzo, ɗan unguwarsu, yana kwance a asibiti a ƙetare. Mai kula da wurin ibada sau ɗaya yake zuwa a wata. Ma'aikatan gidan zane-zane suka rusuna mata har ƙasa, suka ba da haƙuri, Asabar ce, baƙi sun yi yawa. Duk da haka ta shiga kantin tasha ta kwashe naɗi talatin da suka rage a bayan kanta, duk sun sha ƙura. Taurin kai ne, ita ma ta sani.

Jirgin ƙarfe sha ɗaya ya iso ya zazzage baƙinsa. Michiyo ta turo uwarta a keken guragu, Tomeko ta ƙura ido cikin jakar Fusae, don idanunta sun yi rauni, sai ta kawo abu kusa take gani.

"Fusa-chan, nawa ne wannan?"

"Talatin."

"Hannunki nawa?"

"Ke dai shiga jirgi, tsohuwa. Ba ki biya ko sisi ba, balle ki yi ƙorafi."

"Ji mara kunya! Shekara shida na ba ki, ni kike ce wa tsohuwa? Kar ki manta da kyanwata. Ba ta cin kan kifi."

"Ta ci ko ta kwana da yunwa."

Iyakar sallamar ke nan. Dukansu sun san idan aka ƙara kalma ɗaya kuka za a yi, kuma ba su saba ba.

Wani ma'aikacin jirgi ya ɗaura bakin zirin duka talatin a ƙarfen bene, kusa da keken Tomeko, ya wurgo naɗin ƙasa. Nan fa aiki ya samu Fusae. Ta soke biyar a yatsu, ta danne uku a hammata, ta taka wasu da ƙafa, saura suka gangara ko'ina suna warwarewa, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, iska na naɗe mata su a wuya. Ta ji kunya ta rufe ta. Ashe gara ziri ɗaya da wannan abin dariya.

Da ta waiga, sai ta ga layi a bayanta. Baƙin da suka sauka ne, sun jeru tsaf ɗaya bayan ɗaya, da hulunan rana da jakunkunan goyo, ba mai ko tari. Wani mai baƙaƙen kaya yana jujjuya taswirar tsibirin.

"Gafara dai, Kaka," in ji shi ƙasa-ƙasa, "wannan aikin fasahar lamba nawa ne? Ban gan shi a taswira ba."

"Tikitin da muka saya ya haɗa da shi?" wata mata mai jar hula ta tambaya.

Fusae ta buɗe baki za ta zazzaga musu abin da ya sawwaƙa. Wato yanzu rabuwarta da ƙawar shekara saba'in ita ma ta zama dutse a tsakar ɗaki? Sai jirgi ya yi kukan farko. Ta ɗaga kai ta ga Tomeko ta dafa ƙarfe, tana ƙifta ido tana neman mutane a ƙasa.

Ta haɗiye fushin, ta ɗauko muryarta ta wurin aiki.

"Mutum ɗaya, naɗi ɗaya. A riƙe tsinken gefe da gefe, kada a ja. Ba a ɗaukar hoto. Idan jirgi ya motsa, kowa ya ɗaga murya ya ce, Tomeko-san, sauka lafiya."

Abu ɗaya da ba za ka raina wa 'yan kallon nan ba, akwai bin doka. Nan da nan wayoyi suka koma aljihu. Mutum ashirin da takwas suka jeru a bakin tasha, kowa da naɗinsa, fuska a ɗaure kamar masu jana'iza. Fusae ta riƙe ja, ta cusa ɗaya da ya tsinke tun da wuri a aljihun rigarta.

"Fusa-chan!" Tomeko ta ƙwala kira daga sama. "Su wa kika tara haka?"

"Unguwa ce duka ta fito!"

Tomeko ta bi taron da kallo. Idonta ne ya yi rauni, ba hankalinta ba, ta san sarai mutum nawa suka rage a unguwa. Can sai ta nuna mai baƙaƙen kayan.

"Gaya wa Genzo ya yi ƙiba!"

Jirgi ya ja baya. Takardu suka miƙe suna ƙara a kan tsinkaye, muryoyi ashirin da takwas suka kira sunan matar da ba su taɓa gani ba, wasu ma da ƙyar harshensu ya iya furta shi. Tomeko na ɗaga hannu, tana rusuna wa kowa. Ziri suka fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa ruwa. Fusae ta bi nata har ƙarshen dakalin tasha, ta miƙa hannu iya tsawonsa, sai ta ji tsinken ya yi sakayau.

A bayanta tafi ya ɓarke. Mai baƙaƙen kaya ya cire tabarau yana share ido, yana cewa a duk abin da ya gani a ƙasashe goma sha biyu babu wanda ya taɓa shi haka. Suka mayar mata da tsinkayenta ɗaya-ɗaya, kowa da godiya, suka nufi motar da ke hawa tudu.

Mai jar hula ce ta tsaya, da ɗan littafi a hannu.

"Kaka, ƙanwata za ta zo wata mai zuwa, ina so ta gani. Sau nawa ake yi a mako?"

Fusae ta duƙa tana tsince guntayen takarda daga ƙasa. Hannunta ya taɓa naɗin da ke aljihunta, ta tuna ita kaɗai ta rage a unguwar.

"Saura sau ɗaya," in ji ta.

"Yaushe?"

"Ba a sa rana ba tukuna."

Matar ta rubuta, ta rusuna, ta ruga don kada mota ta bar ta. Fusae ta tsaya har jirgin ya ɓace a bayan tsibirin gaba. Sannan ta shiga kantin tasha ta sayi kifi ɗaya, ta ce a cire masa kai.