Ƙunar Dutsen Guga

Shekara hamsin da wani abu Orval Tidwell yana ba mutanen Titusville labari ɗaya: shi ne ya naɗe 'yan tutocin da aka tafi da su duniyar wata. Ninki huɗu, lamba da fensir a gefe, a cusa a leda a zuƙe iska. Da 'yan sama jannatin suka dawo, ɗayansu ya miƙo masa guda, ba tare da ko guntun takarda ba. A lokacin wa ke tunanin takarda? Kowa ya san kowa.

Yanzu waɗanda suka san shi duk sun riga mu gidan gaskiya, jikokinsa kuwa da ya fara labarin sai su haɗa ido su yi murmushi. Murmushin nan yana ci masa rai, shi ne ma ya kai shi shagon Darlene Renfro, mai tantance kayan da suka je sama. Ba sayarwa zai yi ba. Takarda mai hatimi yake so, ya rufe bakin yara.

Darlene ta kwance firam ɗin da ya kawo tutar a ciki, ta shimfiɗa tutar da ba ta kai hankici ba, ta kafa mata madubin ƙara girma.

"Mista Tidwell, wa ya yi wa tutar nan wanka?"

Orval ya sosa ƙeya. "Matata ce, marigayiya Loretta."

Loretta ba ta iya ganin ƙyalle a yamutse ta wuce. Ranar da ya kawo tutar gida ya fita yankan ciyawa, kafin ya dawo ta wanke ta, ta goge, har ta ɗaure ta a firam. "Abin da ya je wata za ka ajiye kamar tsumman goge mota?" in ji ta. Kwana uku yana fushi, burodin masararta ne ya sauko da shi. Tun daga nan ba ta taɓa bari ya buɗe firam ɗin ba, wai hannunsa duk baƙin mai ne.

"Ninkin da lambar su ne shaida," in ji Darlene. "Ta goge su tas. Ba zan sa hannu a kan abin da ban gani ba."

"Ke yarinya, ni na rubuta lambar! Sha bakwai!"

"Ni na yarda, Baba. Madubina ne ya ƙi."

Ta juya tutar don ta duba bayanta, sai ta tsaya. A kusurwa ga wani tabo ruwan ƙasa, sak hancin dutsen guga.

Orval ya gyara tabarau. Ashe ta ƙona! Loretta mai yi wa matan coci gorin guga ta ƙona tutar wata, ta rufe a firam, ta yi gum shekara arba'in da shida. Ya fashe da dariya har da buga tebur, bai san sa'ad da dariyar ta koma hawaye ba. Kewarta ta taso masa kamar jiya aka binne ta.

"Wannan kam kin gani da idonki ko?" ya tambaya.

"Na gani."

"To rubuta mini takardar wannan. Ki sa sunanta."

Ta rubuta, ta buga hatimi. Da ya isa gida ya mayar da tutar cikin firam, amma a juye, ƙunar tana kallon falo.