Injin da Ya Tare Zaure

"Ku miƙo guduma! Mutum na mutuwa, kun tsaya kallon ƙarfe!"

Kassoum ne ke ihu a zauren gidan maƙwabcinsa Dramane, ya naɗe hannun riga. Latifatou, matar gidan, ta fito daga ɗaki a guje, ta baje hannuwa a gaban injin.

"Malam Kassoum, don girman Allah! Shekara nawa yana fama da shi?"

"To ki zaɓa, matar yaya. Mijinki ko baƙin ƙarfe? Na aika a kira taksi. Ta ina za mu fitar da shi zuwa lopital, likita ya duba shi?"

Injin fere ƙarfe ne na zamanin Turawa, Dramane na ce masa limer. A jujin bayan tashar jirgin ƙasa ya tsince shi, tsatsa ta ci rabinsa, ya riƙa jido shi gunduwa-gunduwa a amalanke yana haɗawa, har ya cika zauren, sai mutum ya karkace kafin ya wuce. Ba don sana'a ba, shi da ya ajiye tuƙin babbar mota tuntuni. So ne kawai. Kullum da yamma yana tsugune yana wanke haƙoransa da kananzir, duk Zongo na yi masa dariya. Jiya ya ɗaura wa injin bel, ya ce yau bayan sallar Juma'a zai tayar da shi. Da safe ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya mutu.

Kassoum kuwa dillalin tsohon ƙarfe ne. Ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan injin nan, Dramane na korarsa.

Daga ɗaki aka yi wani nishi. Latifatou ta sauke hannuwa ta koma ciki. Ba ta kai ga zama ba guduma ta sauka.

Dramane na kwance a tabarma, bakinsa ya karkace. Ya buɗe ido ɗaya.

"Latifa... ya tashi?"

Ta haɗiye kuka. "Ya tashi, Malam. Ba ka ji ba?"

Ya kasa kunne. Gam. Gam. Hannunsa mai rai ya fara motsi a kan tabarma, gaba a hankali, baya da sauri, yadda ya sha kwatanta mata tafiyar injin. Bugun bai yi daidai da tafiyar hannun ba. Ya sake gwadawa. Sai hannun ya tsaya.

"Ba haka yake tafiya ba," ya ce. "Wannan Kassoum ne."

Ta yi ta biya masa kalmar shahada. Ko ya karɓa ko bai karɓa ba, ƙarar guduma ba ta bari ta ji ba.

Ta fito ta tsaya a bakin zaure. "Ku bari haka. Ya cika."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Kassoum, yana share gumi da hula. Ya tofa yawu a tafin hannu. "Ai makara ma sai ta samu hanya." Ya sake ɗaga guduma.

Latifatou ta leƙa titi ta saman kafaɗarsa. Babu taksi. Amalanken Kassoum ne kawai a ƙofar gida, da alama tun ɗazu yake jira.

Kafin maza su dawo daga maƙabarta, manyan gunduwoyin sun ɓace. Tana zaune cikin mata masu gaisuwa sai mobileti, ƙaramin babur, ta tsaya a waje. Wani dogo cikin kaki, da jan bajon hukuma a ƙirji, ya shigo ba sallama.

"Kamarad, an sanar da mu akwai injin tasha a gidan nan. Dukiyar jama'a ce." Ya taka wani haƙorin ƙarfe da takalmi, ya juya shi. "Wa ya fasa?"

Matan suka sunkuyar da kai. Ƙofar Kassoum a garƙame take. Baƙon ya bi zauren da kallo, sannu a hankali, har idonsa ya tsaya a kan gudumar, an jingine ta tsaf a ƙofar ɗakin Latifatou, kusa da takalman mamacin.