Madubin da Ke Cikin Shuɗin Buhu

Ranar Asabar ta shida da fara darasin raba shara, Auta mai ɗinki ta zauna a bencin ƙarshe, inda ba ta taɓa zama ba. Da can ita ce 'yar gaban allo, ga littafi ga biro, har matan layinsu suna yi mata tsiya wai ita za ta gaji Malama. Yau ko littafin ba ta buɗe ba.

A wani ajin firamare ake darasin, da hantsi. Malama, siririyar yarinya mai tabarau daga ƙungiyar kare muhalli, ta rataye buhuna uku a jikin allo kamar kullum. Kore na ɓawon kayan miya da ragowar abinci, a yi taki da su. Rawaya na leda da roba. Shuɗi na kwalba da gilashi. Kowane buhu da tambarin ganye a jikinsa. In sun cika, sai a kai bakin layi, motar ƙungiya ta kwashe ranar Alhamis, in dai 'yan bola ba su riga ta ba.

Kafin zuwan Malama, matan layin suna da tasu dabarar da ba a taɓa rubutawa a allo ba. In kofi ya fashe ko reza ta dakushe, sai mace ta naɗe a tsumma, ta ƙulle bakinsa sau biyu, ta ɗora a saman shara. Duk ɗan bola ya san ƙulli biyu, ba ya taɓa shi sai da ƙugiya. Sauran shara kuwa hannu suke zura mata, har gwiwar hannu, don ƙugiya ba ta gane abu mai kyau.

Malama ba ta san wannan ba. Cewa ta yi, “Kada ku sa tsumma a shuɗin buhu, yana ɓata wa masu narka gilashi aiki.”

Ranar Talata madubin shagon Auta ya zame daga ƙusa ya tarwatse. Ta naɗe ɓaraguzan a ƙyalle, ta yi ƙulli biyu, har ta kai bakin ƙofa. Sai ta tuna da maganar Malama. Ta dawo ta kwance ƙullin da haƙori, ta juye su tsirara a shuɗin buhu, tana jin daɗin ta iya karatu.

Ranar Laraba yayanta, wanda shekara goma sha ɗaya yana tura amalanken bola, ya zura hannun dama a buhun. Gilashin ya tsaga shi daga tafin hannu zuwa wuyan hannu, ya datse jijiya. Likita ya ce yatsu biyu da wuya su sake lanƙwashewa. A asibiti aka nuna wa dangi guntun da aka zaro, Auta ta ga ɗigon jan fenti a kusurwarsa. Ta san ɗigon nan, kullum tana kallonsa in tana gwada wa mata riga. Ba ta gaya wa kowa nata ne ba. Kwana uku tana kai wa Yaya abinci, tana ba shi a baki, tana shiru.

“Yau za mu ga yadda takinmu ya nuna,” in ji Malama, tana buɗe durom ɗin da ke kusurwa.

Gwaggo mai wanki ta toshe hanci da gyale. “Malama, wannan ai ba nuna ya yi ba, rasuwa ya yi. A yi masa sutura kawai.”

Ana cikin dariya aka ji ihun maigadi a waje, sai kuma ƙarar faɗuwa. Ƙofar ajin ta bugi bango har ƙusa ɗaya ta fita. Maza biyar suka shigo, kowa da ƙugiyar ƙarfe irin ta tonon bola. Na gabansu Guduma ne, shugaban 'yan bolar unguwar, ƙaton mutum mai tabon ƙuna a wuya. Ta taga Auta ta hango maigadi a durƙushe, jini na zuba ta tsakanin yatsunsa da ya dafe kai. A bakin ƙofa kuma, a bayan mazan, ga Yaya tsaye da hannu naɗe da bandeji, kansa a ƙasa.

Guduma ya dangwarar da shuɗin buhu a kan tebur. Jinin da ya bushe a jikinsa ya rufe rabin tambarin ganyen.

“Wace ce uwar ganye a nan?”

“Bawan Allah, darasi muke yi,” in ji Malama. “In magana ce, mu fita waje.”

“Ai darasin muka zo ɗauka, Malama. Ba a kai mu makaranta ba, yau muka samu gurbi.”

Ya ɗaga ƙugiya ya share tagar da aka jera dashen itatuwa a gwangwanaye. Wata ɗaya ana ba su ruwa, suka zube ƙasa, wani ya bi su da takalmi yana murjewa. Wani ya hankaɗe durom ɗin taki, baƙin ruwa ya malale ƙarƙashin bencina. Mata suka yi baya suna salati. Gwaggo ta miƙe, ta ce, “Kai ɗan nan, ni na yi wa uwarka wanki ranar da aka haife ka!” Ɗaya daga cikinsu ya ture ta da kafaɗa, ta faɗa kan benci, ƙugunta ya bugi katako.

Malama ta zaro waya. Guduma ya kwaɗa mata mari da bayan hannu. Tabarau ya yi tsalle ya fashe a jikin allo, wayar ta shige cikin ruwan taki. Leɓenta ya tsage, jini ya gangaro kan farar rigar ƙungiya.

“Shekara ashirin muna tonon sharar layin nan,” in ji shi. “Matan nan sun san hannunmu, mun san nasu. Ba wanda ya taɓa yankewa haka sai da kika zo da buhunanki masu launi. Wa ya ce a daina ƙulli?”

“Wane ƙulli?” Malama ta tambaya, kuma da gaske take.

Wannan tambayar ce ta haukata shi. Ya damƙi wuyan hannunta, ya ja ta zuwa tebur, ya buɗe bakin buhun da ɗaya hannun. Ɓaraguzan suka yi ƙara a ciki.

“Sa hannu. Yadda ya sa nasa. Har gwiwa.”

Malama ta turje, tana kuka, takalminta na zamewa a ruwan taki. Ya murɗe hannun har ta durƙusa, ya tura yatsunta cikin buhun. Ta ƙwalla ƙara. Auta ta ga hannun ya shige har wuyansa, ta ga Guduma ya gyara tsayuwa zai danna da ƙarfi. Ta dubi Yaya. In ta buɗe baki, daga yau ya san wadda ta nakasa shi, shi da ya goya ta zuwa makaranta, shi da ya tsinto mata keken ɗinkinta na farko ya gyara. In ta yi shiru, yatsun yarinyar nan za su bi nasa.

“Nawa ne!”

Auta ce ta faɗa, ta miƙe ta maimaita. Ta taho tsakanin bencina, ƙafafunta na tsoma cikin baƙin ruwan.

“Buhuna ne. Madubin shagona ne. Na ƙulle shi sau biyu, ni na kwance da bakina. Ita ba ta san da ƙulli ba, ni na sani.”

Guduma ya saki Malama, ta zube ƙasa riƙe da yatsu biyu masu jini. Ya juyo a hankali.

“Ke? Ƙanwarsa?” Ya yi wata dariya mara daɗi. “Kin sani, kika kwance don a ce kin iya boko?”

Ya ɗauki ƙugiyarsa daga kan tebur ya kawo mata duka a kafaɗa. Auta ta runtse ido. Ta ji ƙarar ƙarfe a kan nama, amma ba nata ba. Yaya ne a gabanta. Hannun da ya fi kusa ya tara, na daman, mai bandejin. Ɗinkin ya ɓalle, farin ƙyallen ya rine ja nan take, jini na ɗiga daga gwiwar hannunsa. Bai yi ihu ba, sai dai gumi da ya keto masa a goshi.

“Guduma, ya isa,” in ji shi. “Ni na tsinto madubin nan a bola, ni na kai mata shago, ni na buga ƙusar. Tun a asibiti na gane shi.”

“Ka sani ka bar mu muka zo nan?”

“Da na faɗa, da shagonta kuka je.”

Guduma ya dube shi, ya dubi jinin da ke taruwa a siminti. Ya tofar da yawu, ya ce wa mutanensa su wuce. Na ƙarshensu ya ƙara wa wani gwangwanin dashe ƙafa kafin ya fita.

Auta ta cire ɗankwalinta, ta yage shi biyu, ta ɗaure hannun Yaya sama da ciwon, amma ɗaurin ya ƙi kamawa.

“Ja da ƙarfi mana,” ya ce. “Ke ba mai ɗinki ba ce?”

“Yaya, ka yafe...”

“Kwana uku kina ba ni abinci a baki. Kowane cokali ina jira ki faɗa.” Ya kau da kai. “Je ki samo mai mota. Da ni da maigadi da malamarku.”

Malama na zaune jingine da ƙafar tebur, Gwaggo na ɗingishi tana naɗe mata yatsu da gefen gyale. Ba tabarau, idanunta sun ƙanƙance. Ta ce, cikin leɓe mai kumburi, “Don Allah, wani ya nuna min ƙullin nan.”

Auta ta riga ta kai ƙofa. Ta dawo, ta tattara ɓaraguzan tabarau daga gindin allo cikin ragowar ɗankwalin, ta ƙulle sau ɗaya, ta sake ƙullewa, ta ajiye a cinyar Malama. Sannan ta ruga titi da kai a buɗe, tana ɗaga wa motoci hannu.