Jan Biro a Kan Nuwamba

…to, Nuwamba ke nan. Nuwamba! Faustina tana zagaye shi da jan biro a kalandar coci, zuciya sai tsalle, kamar ba malamar makaranta mai 'ya'ya uku ba. Ruwa ya ɗauke, duwatsu sun bushe, an gama yankan acca, ƙafa ba za ta zame ba. Ita da mahaifinta, Baba Azariya, su biyu rak. Su tashi daga Manchok da sassafe, su ratsa tsagar nan da ke tsakanin manyan duwatsu, su ɓulla kufai, inda aka binne cibiyarsa. Yau da gobe ana ba ta labari, wannan karon da idonta za ta gani!

Amma ciyawa fa? A Nuwamba ta fi mutum tsayi. Macizai… a'a, a'a. Disamba, bayan mafarauta sun sa wuta, hanya ta fito fili. Disamba kuwa ga jarrabawa, ga waƙoƙin Kirsimeti, wa zai buga wa zumuntar mata tulun kiɗa? Janairu bikin gargajiya, kowa da kowa a kan dutse yana ɗaukar hoto, Baba ba zai buɗe baki cikin hayaniya ba. Maris, zafi ya dafa tsoho. Afrilu… ruwan fari, ƙamshin ƙasa, sabon tsiro… kai, Afrilu ma da daɗi!

"Hanyar ba ta takarda ba ce, yarinya" — in ji Baba, yana ɓare gyaɗa, bara ne ko bara waccan? — "ido ne. In na hango ɗinyar nan mai karkata, sai hagu. Ni ɗaya na rage wanda ya sani."

Takalma ma ta saya a gwanjon Kafanchan, nasa da nata, masu ƙwari. Suna ƙarƙashin gado tun… tun yaushe? Gizo-gizo ya yi saƙa a ciki. Kalandar bara ma da jan zagaye a jikinta. Ta bara waccan ma haka.

Jiya — Baba yana zaune a ƙofar gida, ta tsaya gabansa, taku uku. "Wane ne? Stella?" Ƙanwarta ya kira. Sai da ta yi magana ya fashe da dariya, wai rana ce ta kashe masa ido.

Rana tana bayansa.

Ɗinya mai karkata… daga nesa ake hango ta. Yau sha biyu ga Yuli, ruwa yana dukan rufin kwano kamar ba zai ɗauke ba. Nuwamba saura wata huɗu. Tsoro ne wannan, ba murna ba. Biro yana hannunta… wata huɗu, idon Baba zai jira?