Abin da Hannun Auta Ya Riƙe

Tun da Auta ta faɗo daga kan keke ta buge kai, magana ba ta zama mata. Ka aike ta ɗaki, sai ta tsaya a ƙofa tana kallonka. Shugabar makaranta ta ce in ba a ga sauyi ba, za a mayar da ita ajin baya, ta rabu da ƙawayenta. Yarinyar nan ta yi kuka har ta ƙi abinci, ni ma hankalina ya tashi.

Aka tura mu wajen likitar ƙwaƙwalwar yara. Na zaci na'urori zan gani. Ina! Mata ce ta tuɓe takalmi ta zauna dirshan a kan kafet, ga kayan wasa barkatai.

"Baban Auta, ka zauna can, kuma ban da taimako," in ji ta.

Ta faɗa wa Auta sunayen wasu abubuwa, ta ce ta riƙe. Ni ma na riƙe a raina, don in an zo tambaya in ɗan motsa mata baki. Uba ne fa ni! Suka yi ta gini da 'yan katakai, can likita ta ce, "To, me na ce ɗazu?"

Auta ta waigo ta dube ni. Na buɗe baki, wallahi cokali kawai na tuna.

Likita ta yi dariya har da tafa hannu. Sai ta sake, amma wannan karon ta sa Auta ta taɓa kowane abu, ta kwaikwayi amfaninsa. Da aka tambaye ta, tiryan-tiryan ta jero su.

"Binciken da nake yi ke nan shekara da shekaru," ta ce. "Wasu yaran, abin da kunne ya zubar hannu yana riƙewa. Zan yi wa malamarta bayani. Auta ba ta komawa baya."

Daɗi ya kashe ni, na yi ta zuba mata godiya.

Yanzu kullum da safe Auta takan taɓa jaka, ta taɓa gorar ruwa, ta taɓa takalmi, sannan mu fita. Jiya mun kai bakin ƙofa, sai ta miƙa hannu ta taɓa aljihuna.

"Baba, makullinka fa?"

Yana kan tebur.