Ranar da Hambali Ya Hau Akori-kura

A ranin 1988 wani baƙo ya sauka a Bunkure daga Legas, da biro da ƙaton littafi. An turo shi ya tabbatar ko tumatirin gwangwanin da wata 'yar masana'anta ke yi na ƙasar nan ne. Dokar cinikin ƙasashen Afirka ta Yamma ta ce in a gida aka noma akasarin abin da ke cikin gwangwani, a ba shi takardar shaida ya ƙetare iyaka ba kuɗin fito. In kuwa markaɗen Turai aka ɗura, sai haƙuri.

To, wa ya gaya wa manoma haka? Da ganin littafi kowa ya ce haraji ne. Mai kwando ɗari ya ce goma. Hambali, dattijon da gonarsa ke bakin babban kanal na ruwan noman rani, har da marairaicewa: "Ranka ya daɗe, bana ko na miya da ƙyar."

Baƙo ya haɗa abin da aka faɗa masa, ya dubi manajan masana'antar, Sunusi. "Wannan ba zai cika rabin gwangwanayenku ba. Sauran daga ina?"

Sunusi ya iske Hambali yana ban ruwa. "Baba, kun kashe mu! In ba takarda, ba kasuwar Maraɗi, mu ma ba za mu sayi naku ba."

Nan take Hambali ya tuna asararsa. Bara kwando sittin ya zubar a bakin titi, sun ruɓe ba mai saye, shi da furfurarsa yana hawaye.

Washegari da hantsi ya tare baƙon, ya ce ƙarya suka yi, tsoro ne ya sa. Ya roƙe shi su hau kan wata akori-kura da ke tsaye bisa gaɓar kanal.

Allahu Akbar! Jan tumatir ne iya ganin ido, daga ƙafafunsu har wajen Kadawa, ruwan madatsar Tiga na ratsa shi yana sheƙi. Ga kwanduna jere kamar sahun Idi. Baƙo ya buɗe littafi ya soke lissafin jiya.

Shi kuwa Hambali ko kallonsa bai yi ba. Shekara goma yana sunkuye cikin wannan fadama, bai taɓa ganinta daga sama ba.

"Malam," ya ce wa baƙon, "wai duk mu muka yi wannan?"